Rumfar Ladejo: Tarihin Ikilisiyar Baftis ta Ebenezer da ke Legas

Ina ɗan shekara goma sha biyar na fara ɗaga hannu a taron ikilisiya. Majami'armu ƙarama ce, ta Baftis, a wani gari da ke bakin layin dogo a Arewa, inda Yarbawa ke yin sujadarsu da sassafe, mu kuma mu yi tamu da Hausa da hantsi. Mahaifina ne ma'aji. A tsarin Baftis, duk wanda aka yi wa baftisma, mace ko namiji, tsoho ko matashi, yana da murya a taron da akan yi bayan sujada, kuma abin da taron ya yanke shi ne hukunci, domin babu wani bishop a sama da zai warware shi.

Maganar da aka kawo a ranar ta fastonmu ce. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya shiga sayen hatsi da kaka yana ajiyewa, ya sayar da bazara. Wasu suka ce wannan zubar da mutuncin bagade ne, kuma ba su ga yadda mutum zai yi wa'azin tausayi ranar Lahadi ya auna wa mabiyansa dawa da tsada ranar Litinin ba. Ana cikin cacar baki sai wani dattijo Bayarabe, tsohon ma'aikacin reluwe da kowa ke kira Baba, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "'Ya'yana, ku bi a hankali. Wannan rigima ta girmi kakanninku. A kanta majami'a ta dare gida biyu a Ikko tun jirgin ƙasa bai san hanyar Kano ba." Ba wanda ya tambaye shi abin da yake nufi. Sai bayan shekaru, da aikin bautar ƙasa ya kai ni Legas, na bi sawun maganar tasa, har ta kai ni ƙofar Majami'ar Ebenezer da ke titin Campbell a tsibirin Legas. Tarihinta ne nake son in bayar a nan.

Baƙon da ya nufi Arewa

Tushen labarin yana Amurka. A shekarar 1845 Baftis na kudancin ƙasar suka ɓalle daga 'yan'uwansu na arewa, suka kafa tasu ƙungiya a garin Augusta na jihar Jojiya. Abin da ya raba su shi ne ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, kuma na kudu ne suka ce zai iya. Wannan ƙungiya ce, bayan 'yan shekaru, ta turo Thomas Jefferson Bowen, tsohon soja, zuwa Afirka. Ya sauka a Badagry ranar 5 ga Agusta, 1850.

Bowen bai zo don ya zauna a bakin teku ba. Zuciyarsa tana can cikin ƙasa, wajen manyan biranen da ya karanta labarinsu a littattafan matafiya, har zuwa ƙasashen da ke bayan kogin Kwara. Yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka tsare shi a Abekuta fiye da shekara, yana koyon harshe, kuma yana garin lokacin da rundunar Sarki Gezo na Dahomey ta kawo hari a 1851. Daga nan ya sami masauki a Ijaye a hannun Kurunmi, inda aka gina ɗakin sujada na farko a 1854, inda kuma ya binne 'yarsa jaririya. A 1855 ya koma Ogbomosho, ya kuma hau zuwa Ilori, ƙofar Daular Sakkwato ta kudu. Sarkin Ilori Shitta ya karɓe shi, ya saurare shi, amma bai ba shi izinin zama ba. Iyakar tafiyar Bowen zuwa Arewa ke nan. Ya bar ƙasar a 1856 da raunin jiki, ya bar wa na baya littafin nahawu da ƙamus na Yarbanci wanda aka buga a 1858.

A shekarar da Bowen ya je Ilori, wani baƙar fatar Amurka mai suna Joseph Harden ya taso daga Laberiya ya buɗe aikin Baftis a Legas. A lokacin tashar Legas ba ta wuce zango ba, wurin sauke kaya da wasiƙu kafin a wuce da su cikin ƙasa. Ba wanda ya zaci a nan ne aikin zai fake idan hadari ya taso.

Shekarun maraici

Hadarin kuwa ya taso ta fuska uku. A 1860 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ibadan da Ijaye, a 1862 aka rushe Ijaye ƙurmus, wani ɗan mishan mai suna Richard Stone ya kwashe yaran da ke hannunsa zuwa Abekuta. A 1861 yaƙin basasa ya kama a Amurka, kudancin da ke aiko da kuɗi ya shiga halin ni-'yasu, taimako ya yanke. Sannan a 1867 mutanen Abekuta, saboda fushinsu da gwamnatin Ingilishi da ta mamaye Legas tun 1861, suka farfasa gidajen mishan suka kori Turawa, abin da Yarbawa ke kira Ifole. Masu bi suka gangaro Legas a matsayin 'yan gudun hijira. Harden ya riga ya rasu a 1864. A 1869 Richard Stone, Baturen mishan na ƙarshe, ya koma gida.

Shekara shida babu ɗan mishan ko ɗaya, kuma babu kuɗi daga waje. Mutum uku ne suka riƙe garken. Ta farko ita ce Sarah Harden, gwauruwar Joseph, wadda ta tattara mutanen ta zame musu uwa. Na biyu James Vaughan ne, kafinta, haifaffen Karolina ta Kudu, ɗan wani bawa da aka 'yanta. Ya bi 'yan mishan zuwa ƙasar Yarbawa, ya sha wahalar yaƙin Ijaye, daga baya ya zama babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini a Legas, kuma aljihunsa ya ɗauki nauyi mai yawa. Na uku wani saurayi ne, ɗaya daga cikin yaran da aka kwaso daga Ijaye, Moses Ladejo, wanda ya ɗauki sunan ubangidansa ya zama Moses Ladejo Stone. Shi ne yake wa'azi.

A ganina waɗannan shekaru shida su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Mutanen da suka binne matattunsu, suka raini marayunsu, suka yi sujada kowace Lahadi ba tare da kowa ya tsaya a kansu ba, sun riga sun gane cewa ikilisiya tana iya rayuwa da abin da ke hannunta. Wanda ya taɓa ɗaukar jinkar ɗakinsa da kansa ba zai yarda a ce masa baƙo ne a ɗakin ba.

Dawowar mishan

A 1875 'yan mishan biyu suka iso daga Amurka: William David, Bature daga Misisifi, da William Colley, baƙar fata daga Bajiniya. A farkon 1876 suka tsara masu bin da suka tarar, waɗanda ba su kai talatin ba, suka zama ikilisiya mai rajista da shugabanni. Ladejo ya zama tafintan David da abokin tafiyarsa, ya yi wasu shekaru yana kiwon masu bi a Ogbomosho, a 1880 kuma aka keɓe shi ya zama fasto, ɗan ƙasa na farko da ya sami wannan matsayi a cikin Baftis na ƙasar nan. Colley ya koma Amurka a 1879, inda ya taimaka wa Baftis baƙaƙen fata suka kafa tasu ƙungiyar mishan a 1880.

Adalci ne a faɗi abin da David ya yi. Mutum ne mai himma da son ilimi. A hannunsa makarantar Baftis ta Legas ta zama babbar makaranta a 1886, ɗan Sarah, Samuel Harden, wanda ya yi karatu a Amurka, yana cikin jagororinta. Ya roƙo kuɗi da kayan gini daga ƙasarsu, aka gina majami'a ta tubali mai hasumiya a titin Broad, aka gama ta a 1887. Ga wanda ya san rumfunan da aka yi sujada a cikinsu a shekarun maraici, wannan gini abin alfahari ne.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Zamanin ya sauya. An yi taron Berlin a 1884 zuwa 1885, Turawa sun shiga rabon Afirka, kuma sabbin 'yan mishan na ɗariku daban-daban sun fara kallon ma'aikata 'yan ƙasa a matsayin yaran gida, ba abokan aiki ba. A ɗaya gefen kuma Legas ta cika da 'yan boko baƙaƙen fata, masu jaridu da shaguna da ra'ayin kansu. Sabon ginin ya zo da tambayar da ba a furta ba: majami'ar nan ta wanda ya kawo tubali ce, ko ta waɗanda ke zaune a kan bencinta?

Rabuwar 1888

Abin da ya fasa ƙurjin ƙarami ne a ido. Albashin Ladejo bai ishe shi riƙe iyali a Legas ba. Ya nemi ƙari, David bai yarda ba. Sai Ladejo ya shiga ɗan kasuwanci don ya cike giɓin. David ya ce hakan bai dace da mai aikin bishara ba. Magana ta yi tsami, Ladejo ya ajiye aiki, David kuma ya karɓi murabus ɗin shi kaɗai, bai kawo maganar gaban ikilisiya ba.

A nan ne gizo yake saƙar. Da a wata ɗarika ce mai bishop, da an ce shugaba ya yi aikinsa. Amma Baftis tun asalinsu a kan abu biyu suka tsaya: ba a yi wa mutum baftisma sai ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, kuma kowace ikilisiya ita ke kiran fastonta, ita ke sallamarsa. 'Yan mishan ɗin ne da kansu suka koya wa mutanen Legas wannan. Da jama'a suka nemi bayani, sai suka tarar David yana ganin Ladejo ma'aikacin mishan ne, wanda mishan ke biya, don haka mishan ke da iko da shi. Su kuwa suna ganin fastonsu ne, wanda ya yi musu wa'azi tun lokacin da babu mishan ɗin.

A farkon 1888 mafi yawan 'yan ikilisiyar suka tashi suka bar sabon ginin, suka bar David da 'yan tsiraru. Cikin waɗanda suka fita har da Vaughan, da Samuel Harden, da wani malamin makarantar mai kaifin alƙalami, David Brown Vincent. Suka kafa rumfa a farfajiyar gidan Ladejo suka ci gaba da sujada, suka kira kansu Ikilisiyar Baftis ta 'Yan Ƙasa. Daga baya ta ɗauki sunan Ebenezer, kalmar Ibrananci mai ma'anar dutsen taimako.

Masana tarihi suna lissafa ta a matsayin ikilisiya ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya wadda 'yan ƙasa suka kafa, suka mallaka, suka kuma ɗauki nauyinta ba tare da mishan ba. Abin lura shi ne ba su sauya koyarwa ko ɗaya ba. Baftismarsu ta nutsarwa a ruwa tana nan, Jibin Ubangiji yana nan, Littafi Mai Tsarki shi ne dai. Iko kawai suka karɓe, tare da nauyin da ke biye da shi. Ba a jima ba wasu suka bi sawu: bayan wulaƙancin da matasan 'yan mishan na Anglika suka yi wa Bishop Samuel Ajayi Crowther da ma'aikatansa a 1890, aka kafa wata ikilisiya ta 'yan Afirka a Legas a 1891, wata kuma a 1901.

Agbebi da ɗinke ɓaraka

'Yanci bai hana saɓani ba, domin tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. David ya bar ƙasar ba da daɗewa ba, kuma a 1894 Ladejo da kansa ya koma tsohuwar majami'ar titin Broad, wadda ake kira Ikilisiyar Baftis ta Farko, ya yi kiwonta har rasuwarsa a 1913. A hannunsa ta sake cika. Jagorancin Ebenezer ya koma hannun Vincent, wanda aka keɓe shi fasto a Laberiya a 1894, ya yar da sunayen Turawa ya zama Mojola Agbebi.

Agbebi, haifaffen Ilesha a 1860, ya kai maganar nesa da inda Ladejo ya tsaya. Ya ajiye kwat ya sa agbada, ya nace a yi waƙoƙin sujada da harshe da muryoyin gida, ya riƙa bambanta saƙon Almasihu da al'adun Turawan da suka kawo shi. Ya kai aikin bishara zuwa yankin Neja Delta, ya kuma ƙulla zumunci da masu bi na Kamaru. Amma shi ma bai tsira daga abin da ya sami David ba: a 1903 saɓani ya shiga tsakaninsa da wasu manyan Ebenezer, ya fita da mabiyansa suka kafa Ikilisiyar Araromi. Jama'ar da ta koyi cewa fasto nata ne, ta koyi kuma cewa tana iya juya masa baya.

A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, ikilisiyoyin mishan da masu zaman kansu suka taru a Ibadan suka kafa ƙungiya ɗaya ta Baftis na ƙasar Yarbawa. Wanda suka zaɓa shugaba na farko shi ne Agbebi, mutumin da ya fice daga majami'ar mishan shekara 26 kafin nan. Waɗanda suka fita ba su dawo a matsayin masu tuba ba. Sun dawo ne a matsayin abokan shawara, kowace ikilisiya da ikonta. Agbebi ya rasu a 1917. A 1919 ƙungiyar ta sauya suna ta zama ta Baftis na Nijeriya baki ɗaya, a shekarar kuma matarsa Adeotan ta shugabanci sabuwar ƙungiyar matan Baftis.

Yadda abin ya iso gare mu

Dalilin sauya sunan shi ne aikin ya riga ya tsallake ƙasar Yarbawa. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, amma ba ta hana akawu da kafinta da tela da ɗan kasuwa zuwa neman abinci ba. Yarbawa, da yawansu 'yan Ogbomosho, suka bazu a Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano da Jos, suka zauna a unguwannin baƙi irin su Sabon Gari. Inda duk suka kai goma sai su fara taruwa a ɗakin ɗayansu ranar Lahadi, su tara baiko, su sayi kwano su yi rumfa, sannan su aika gida a turo musu fasto wanda su za su biya. Haka suka yi har a Kumasi da Tamale. Ƙofar da aka rufe wa Bowen a Ilori, 'yan tireda ne suka shige ta da ƙunshin kayansu a ka, kuma tsarin da suka zo da shi na rumfar Ladejo ne. Turawan mishan na Baftis ba su zauna a Arewa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Tsarin yana da nasa rauni. Majami'un sun daɗe suna sujada da Yarbanci kaɗai, suna zaman baƙi a tsakiyar mutanen da ba sa jin abin da suke faɗa. Sai da aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma buɗe makarantar horar da fastoci da Hausa wadda ke Kawo a Kaduna, sannan irin iyayena suka sami wurin zama a ciki. Su ma da suka shigo, tambayar 1888 suka tarar tana jiransu da sabuwar riga: wa ke riƙe da asusu, sujadar wa za a fara yi, da wane harshe za a rubuta rahoton taro?

Komawa taronmu

A ranar da Baba ya yi maganarsa, an kawo shawara biyu. Ta farko, a hana fasto cinikin hatsi. Ta biyu, wadda mahaifina ya kawo bayan ya karanta abin da ke cikin asusu, ita ce kowane gida ya ƙara abin da yake bayarwa don a ƙara masa albashi. Ta farko ta wuce da hannuwa masu yawa, har da nawa, ina jin daɗin an ƙirga ni cikin manya. Ta biyu aka ce a ɗage ta zuwa wani zama, kuma ba a sake tayar da ita ba. Fasto ya bi hukuncin ikilisiya bai ce uffan ba. Kafin shekara ta zagayo ya cire babbar 'yarsa daga makarantar kwana, daga baya ya nemi wata ikilisiya ya tafi.

Na daɗe ina ɗaukar tarihin Ebenezer a matsayin labarin Bature mai danniya da 'yan ƙasa masu neman 'yanci, ina kuma sa kaina a sahun waɗanda suka fita. Ranar da na zauna a bencin baya na majami'ar a titin Campbell, ina sauraron waƙar Yarbanci da ban fahimta ba, sai lissafin ya juye mini. A taronmu babu Bature ko ɗaya. Mu ne muka hana ƙarin albashi, mu ne kuma muka hana ciniki, wato abu biyun da David ya yi wa Ladejo. Bambancin kawai shi ne David ya yi shi kaɗai, mu kuwa mun yi da rinjayen hannuwa, bisa tsari, aka rubuta a littafin taro.

Mutanen 1888 sun bar ginin tubali suka koma rumfa da sanin cewa daga ranar abincin fastonsu da rufin ɗakinsu sun koma wuyansu. Mu mun gāji ikon ɗaga hannu daga gare su, muka manta da rabin gadon. Baba ya rasu kafin in dawo daga Legas, ban sami gaya masa cewa na gano abin da yake nufi ba. Littafin asusun da mahaifina ya riƙe yana hannuna yanzu, kuma duk shekara idan aka zo tsara kasafin ikilisiya, layin albashin fasto nake fara karantawa, kafin a kai ga maganar fenti da sabbin kujeru.